Malam Lawali da Hasken Arewacin Duniya

Duk wanda ya san marigayi Malam Lawali Damagaram a garin nan na Greensboro ya san ba ya tafiya yana duban ƙasa. Kansa kullum a sama yake, har sai da ya taɓa yi wa sandar fitila sallama a titin Elm bayan sun yi karo. Abin da yake nema shi ne hasken nan mai launi da ke rawa a samaniyar arewacin duniya, wanda Turawa ke kira orora. Likita ya riga ya shaida masa cewa ganinsa na raguwa, shi kuwa ya rantse sai ya ga wannan aya ta Ubangiji kafin idon ya rufe.

Ni da na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a Kano kafin in yi ritaya, na ba shi shawara ya tafi Alaska, can ƙuryar arewa, da hunturu. Ya ce shi ba ya shiri da sanyi, kuma ba Bakano ne zai tsara wa Badamagare tafiya ba. Ya tafi a watan Yuni. Bayan kwana biyu ya bugo mini waya, muryarsa a sanyaye.

"Alhaji, garin nan ba su da dare. Tun jiya nake zaune da alwalata ina jiran Isha'i."

Da ya dawo, ya shaida wa jama'ar masallaci cewa hasken na nan, rana ce kawai ta tsaya a gabansa.

Wata rana kuma ya tara mu a bayan gidansa, ya ce abin ya iso. Muka dubi jan da ke sama cikin ladabi, har wani ya fara tasbihi. Fitilun sabon kanti ne a titin Wendover. Ya ce ai ko ba komai mun yi zikiri.

To, a wata kaka, bayan idonsa ya tafi gaba ɗaya, sai ga hasken na gaske ya sauko har saman Greensboro, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Na bar girma a gida, na tafi da gudu ba ko hula, na riƙo hannunsa muka fito waje. Ya ɗaga kai, ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na ce sama ta yi ja kamar garwashi, tana motsi a hankali.

"Kore ne, Alhaji. Duba da kyau."

"Malam, wallahi ja ne."

"Kai Bakano, idonka biyu amma ka kasa. Bon, ci gaba, ina gyara maka," in ji shi, har da ɗan Faransancinsu na Damagaram.

Haka muka tsaya, ina faɗa yana gyarawa, hannunsa cikin nawa, har hasken ya dushe. Sai ya ce, "Alhamdulillahi, mun gani."

Allah Ya jiƙan Malam Lawali, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa. Amin.