Itacen Wankan Hamsatu

Namadi mai jakai mutumin Kende ne. Kanwa yake kaiwa kasuwannin Dahome, ya dawo da manja. A shekarar da aka sauke tutar Turawa, matarsa Hamsatu ta tafi goyon ciki gidan uwarta Dela a Lafagu, ta haifi namiji. Aka yanka rago, aka watse, kowa yana cewa Namadi ya zama babban mutum. Shi kuwa tun ranar abinci ya fita ransa.

Aikin miji a jego shi ne itacen wanka. Namadi yakan labta wa jakai itacen kirya, ya kai ƙofar surukai, ya durƙusa ya gai da Dela, ita ta karɓa daga nan. Ba a barinsa ya shiga. Ta bayan zana yake jin Hamsatu tana yi wa jaririn surutu ƙasa-ƙasa, tana dariyar da a da shi kaɗai ke sa ta.

Ya koma gida ya zauna. Jakai suka rame a turke, abokan fatauci suka ƙetare iyaka ba shi. Aka ce iska ce, aka kawo rubutu ya sha. Ba iska ba ce. Ciwo ne da kan kama wasu maza in an yi musu haihuwa, nasa ya zo da kishi, kishin ɗan da ko wuyansa bai tsaya ba.

Sai ya daina kai itace, wai in wuta ta mutu za a maido masa da matarsa. Dela ta aiko masa: in Hamsatu ta kumbura don rashin ruwan zafi, ba za ta koma Kende ba, ko an yi arba'in.

Ya tafi Lafagu hannu wofi. Hamsatu ta faki idon uwarta ta leƙo ta kafar zana.

"Malam, ina itace? Ko jakan ne suka haihu su ma?"

"Ba ki ce mi ya same ni ba. Itace kika tambaya."

Ta dube shi da kyau, ta ga ƙashin wuya a waje.

"To, mi ya same ka?"

"Wanga yaro. Tun da ya zo ba ki san ina duniya ba."

"Shi yaron, ruwan zafi ba ya ƙona shi safe da yamma, ni yake ƙonawa. Kai ma ba ka tambaya ba. Je ka kawo itace, in gama in dawo, mu yi faɗan a ɗakinmu."

Ya kawo. Da aka yi arba'in ta dawo ɗakinta da yaron a baya. Namadi ya koma hanyar Dahome, cin abinci ya daidaita a hankali, amma bai taɓa ɗaukar yaron ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Mutanen Kende suka riƙa yabonsa, wai ba su ga mai kunyar ɗan fari irinsa ba. Hamsatu takan ji, ta ci gaba da dakanta.