Darbejiyar da Ta Tare Allo

Duk wanda ya taɓa bin babban titin garin nan ya sha inuwar Baba Jarka, ko ya san shi ko bai san shi ba. Mai facin taya ne. Tun yana saurayi ya kafa teburinsa a bakin titi, lokacin wurin ko ciyawa babu, sai rana mai narka kwalta. Shi da bakinsa yake cewa ba neman lada ya sa shi shuka ba, ƙeyarsa ce ta gaji da ƙuna. Ya samo dashen darbejiya a gwangwanin madara, ya kewaye ta da tsofaffin tayoyi saboda awaki, ruwan bahon da yake gwada tayoyi a ciki kuwa kullum a gindinta yake ƙarewa.

Da ta kama, sai abin ya zame masa jaraba. Ya dasa ta biyu, ya dasa ta uku, ya koma ɗaura jarkoki a keke yana bin titi kafin ya buɗe aiki, har sunansa na yanka ya ɓace. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, 'ya'yan naka na cikin gida ma fa suna shan ruwa!" Sai ya yi dariya ya taka kekensa. Haka itatuwa suka jeru har bakin gada, amma ta farkon nan daban take a wurinsa. Babba yake kiranta. A ƙarƙashinta ya ciyar da iyalinsa, a nan furfura ta same shi.

Ana nan sai aka kafa kwamitin tarihi, masu dasa allunan ƙarfe a gefen hanya. Sun yi wa wani tsohon alƙali, sun yi wa tashar jirgin ƙasa da ta mutu, sannan suka waiwayo kansa. Shugaban kwamiti ya zo da kansa, ƙamshin turare na tashi, ya ce, "Baba, ka shiga tarihi. A nan za mu kafa allonka, inda ka fara."

Kada in yi masa ƙarya, Baba ya ji daɗi. Har 'yarsa mai ɗinki ya aika wa ta yi masa sabuwar riga.

Sai ga injiniya da igiyar awo. Ya je tsakiyar titi ya hango, ya dawo yana girgiza kai. Wai masu mota ba za su ga allon ba, itacen ya tare, kuma saiwarsa za ta fasa siminti.

Baba ya ce, "To ku matsa da allon can gaba mana, ɗana."

"Ba a nan ka fara ba? Ai tarihi ba ya matsawa, Baba."

"To ku bar allon. Ban roƙa ba."

Shugaba ya dafa kafaɗarsa. "Haba Baba, kwantar da hankalinka. Reshe ɗaya za a rage."

Ran da za a rage reshen, mota suka aiko masa, wai ana son ɗaukar tarihinsa a ofis. Aka zaunar da shi a kujera mai laushi, aka buɗe masa lemo mai sanyi, wata ma'aikaciya ta kunna rikoda tana tambayarsa yadda yake ji game da itatuwa. Shi kuwa bawan Allah ya saki baki yana ba ta labarin Babba. Ku ji rashin kunya! Yana can yana yabonta, su suna nan da injin yanka.

Da aka dawo da shi, tun daga nesa ya ga wurin ya yi wani irin haske. Ya sauka daga mota, ya zauna a kan taya. An yi gunduwa-gunduwa da Babba, an loda a tifa, sai kututture fari yana tsatsafo da ruwa. Bai gama haɗiye wannan ba wani lebura ya matso, ya rusuna cikin ladabi.

"Baba, ko kana da baƙin mai? Injiniya ya ce a zuba wa kututturen kada ya tsiro."

Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa sama ba, ranar har masu shagunan tsallake sai da suka fito. "Ni zan ba ku? Da hannuna? Wa ya aike ku? Na ce ku tuna da ni? Na mutu ne?" 'Yarsa ce ta zo ta janye shi, tana kuka tana Allah ya isa. Man kuwa suka samo a garejin gaba, suka zuba.

Ranar buɗe allo rumfa aka yi haya, don babu inuwar da manyan baƙi za su zauna. Baba bai je ba, sabuwar rigar ma ba ta fito daga leda ba. An yi jawabi, an tafa, an ce ya koya wa al'umma son itace.

Da suka watse ya dawo bakin aikinsa, don nan masu babur suka san shi, kuma ciki ba ya jira. Allon yana da 'yar inuwa, ba ta fi faɗin tabarma ba. Cikinta yake fakewa yanzu, rana na juyawa yana jan kujerarsa.

Rannan wata mota ta tsaya, wani mutum ya fito da 'ya'yansa, ya karanta musu allon da ƙarfi, ya ce su yi koyi da wannan bawan Allah. Sannan ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ya dubi tsohon da ke zaune da taya a cinya.

"Baba, ɗan matsa mana, ka tare rubutun."

Baba ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ja kujerarsa ya koma cikin rana.