Ta Ce A Daina, Na Ce A Rage

Shekarun baya, lokacin ina ɗauke da cikin ɗana na biyu, na tayar da ƙura a gidanmu na Kontagora a kan magana ɗaya: ni a ɗakina zan haihu. Haihuwar fari a asibiti na yi ta, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. An bar mahaifiyata a waje tana leƙe ta taga, ni ina ciki ni kaɗai, in na yi nishi a daka min tsawa. Tun ranar na ƙudurta cewa in Allah ya sake ba ni, a kan shimfiɗata zan sauka, Inna tana riƙe da ni.

Maigidana mutum ne mai sanyi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yayarsa ce ta ce ba da ita ba. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, don haka matsayin uwa take a wajenmu. Ta zo har gida ta zaunar da ni, ta ce me zai kai malamar makaranta guda ga haihuwar gida? Ni kuwa da ma bakina ba ya mutuwa. Na ce awo ban taɓa fashi ba, ga kati nan, an ce jariri ya kwanta daidai. Na ce maƙwabciyarmu, wata malamar asibiti da ta yi ritaya wadda duk unguwa ke kira Sista, ta yarda za ta karɓi haihuwar, in kuma ta ga abin da bai yi mata ba, mota na ƙofar gida. Har da ɗaga haɓa, wai jikina ne, na fi kowa saninsa.

Sai da muka kai ruwa rana kafin Yaya ta sauko, ta kuma kafa min sharaɗi ɗaya: duk abin da Sista ta ce, shi za a yi, ba ƙari ba ragi. Na ce na ji, na yarda.

Da watan haihuwa ya kama, Inna ta taho daga Ibeto da buhun gero da ƙullin yaji da jar kanwa. A ƙauyenmu ita ake kira in mace ta haihu. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunu, ita ke gasa jikin mai jego har a yi arba'in. Ba ta da gonar kirki, ba ta da shanu, wannan aikin shi ne mutuncinta a gari.

Haihuwar ta zo da sauƙi, wata ranar Talata da hantsi. Sista na gabana, Inna na bayana ta tallafe ni, kafin azahar yaro na kuka. Wayyo, ku zo ku ga fankama! Duk wadda ta shigo barka sai na ba ta labari tun daga farko, ina yi ina satar kallon Yaya.

Ranar kwana uku Sista ta zo da na'urarta ta auna ni. Ta ɓata rai, ta sake aunawa. Ta ce jinina ya ɗan hau, ta ba ni magani, ta ce wankan a riƙa sirka ruwan, kanwa kuwa a daina ta gaba ɗaya, ko ɗanɗane kada in yi. Inna tana tsakar gida wajen tukunyar ruwa, sai ƙarshen maganar ta shigo ta tarar. Mu Kambari ne, Hausar Inna ta ciniki ce da gaisuwa, Sista kuma in tana bayani rabi Hausa rabi Turanci take yi, da sauri. Da ta fita, Inna ta tambaye ni da yarenmu me ta ce a kan kanwa.

Na ce, "Ta ce a rage."

Ban yi kuskuren ji ba, kada ma ku nema min uzuri. A haihuwar fari ruwan nono bai zo min da wuri ba, yarinya ta yi ta kuka har aka haɗa mata da madarar gwangwani, dangin miji suna ta ƙananan maganganu. Na tsorata kada a maimaita, kuma tun ina yarinya nake jin cewa kunun kanwa ke kawo nono. Ga kwaɗayi kuma, don ina son kunun nan kamar me. Sannan ga girman kai: na ci nasarar haihuwa a gida, ina so a ga na yi cikakken jego irin na iyayenmu.

Inna ta rage kanwar kamar yadda na faɗa mata. Ni kuma in na kurɓa sai in yamutsa fuska in ce salam yake, a ɗan ƙara. Safe da yamma, kwano cike. Bayan suna Sista ta tafi Tungan Magajiya gaisuwar rasuwa ta yi kwanaki, babu mai auna ni. Ƙafafuna suka fara kumbura, na riƙa ja musu zani. In na kwanta sai numfashi ya riƙa yi min wuya, sai na jingina da bango. Inna ta lura, ta tambaye ni har sau biyu, na ce gajiyar suna ce. Ina zan iya buɗe baki in ce ba ni da lafiya, ni da na cika gari da baki?

Wata safiya ina kan kujerar wanka, Inna na watsa min ruwa da ganyen darbejiya, sai na ga bango yana juyawa. Ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti, da robar iska a hanci. Likita ya ce ruwa ne ya taru a jikina, zuciya ta gaji. Ya tambayi abin da nake ci da sha, aka ambaci kunun kanwa, ya girgiza kai.

Da la'asar ɗakin ya cika. Sista ta dawo, ta iso hankali tashe tana rantsuwa cewa da bakinta ta ce a daina. Yaya ta juya kan Inna, wadda ke zaune a tabarma riƙe da jariri.

"Inna, ba a gaya miki an hana ba?"

Na farka sarai a lokacin, ina jin komai. Inna ta ɗago ta dube ni, muka haɗa ido. Wallahi sai na rufe nawa, na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Hausar Inna ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Na ji ta ce, a hankali, "An gaya mini. Ni na ba shi."

Abin da Yaya ta faɗa mata ranar ba zan iya maimaita shi duka ba. Ta ce taurin kan mutanen ƙauye ne, ta ce saura kaɗan ta kashe 'yarta da hannunta, ta ce wa ya san mata nawa ta yi wa haka a can. A gaban surukinta, a gaban baƙi masu jinyar wasu. Inna dai tana ta jijjiga yaro. Ni kuma ina kwance ido rufe, hawaye na gangara min cikin kunne.

Inna ta yi jinyata har aka sallame ni, sannan ta koma gida tun kafin arba'in. Labari ya riga ta isa Ibeto. Mata suka ja baya da kiranta, waɗanda suka kira ta ma ta ce musu ta tsufa.

Shekara guda da wani abu ina fama da abin a raina kafin na iya zuwa. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa, na durƙusa na ce ta yafe min, na tambaye ta me ya sa ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ba ta daina ɓarar ba. Ta ce ita baƙuwa ce a gidan, za ta hau babur ta tafi, ni kuwa a cikinsu zan zauna har tsufa, in suka san ni da ƙarya ba za su sake yarda da maganata ba. Ta ce ta yafe tun a asibiti, in tashi in ɗauko tire in taya ta.

Da na dawo na je na faɗa wa Yaya komai, kaina a ƙasa. Ta ce kaico. Da kanta ta je Ibeto ta ba Inna haƙuri a gaban mutane. Sai dai Inna ba ta sake dafa wa kowa ruwan jego ba har yau.

Ban yi nadamar neman haihuwa a gida ba, kuma duk wadda ta nemi shawarata nakan ce ta tsaya a kan abin da take so, in masu awo sun yarda. Amma in an kafa miki sharaɗi kin ce kin ji, to ki ji ɗin. Ni na iya faɗa don kaina, da aka zo wajen faɗa don uwata sai na yi barcin ƙarya, kuma wannan kunyar ba ta sake ni ba.

Haihuwata ta uku ma a gida aka yi, Inna ta zo ta riƙe ni kamar da. Bayan an gama Sista ta tsaya tana jero abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Ina kwance kusa da Inna, har na buɗe baki zan fassara mata. Sai Inna ta juya wajen Yaya, wadda ke zaune a gefe, ta ce, "Me ya ce?"

Yaya ta maimaita mata a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na ja zani na rufe fuskata.