Yadda Aka Sauke Mu Ni da Baba Daga Jirgin Abuja

Talata: Illo zuwa Birnin Kebbi

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, muka bar Illo ni da mahaifina. Shekarunsa sun haura saba'in, kunnensa ya yi nauyi, yanar ido ta rufe masa idon dama. An ba mu ranar aiki a wani asibitin Abuja, Laraba ƙarfe takwas na safe. Shingaye shida muka wuce kafin gadar Tuga. A Bagudo muka karya da ƙosai da kunu, muka sauya mota. Sha ɗaya da kwata muna filin jirgi.

Cikin jirgi

Kujerunmu ba a jere suke ba, Baba na gabana da layi biyu. Wata ma'aikaciya ta tsaya kansa tana yi masa Turanci, ta kama sandarsa za ta ajiye sama. Ya riƙe gam. Mutumin da ba ya gani sosai, a fizge masa sanda ba bayani!

Na miƙe na ɗaga murya da yarenmu na Dandanci, don in ba a ɗaga ba ba ya ji: "Baba, saki, ajiyewa za ta yi."

Ta juyo ta ce na yi mata tsawa cikin yaren da ba ta sani ba. Na ce kurma ne, ga takardar asibiti. Ko kallonta ba ta yi ba. Wani dattijo a gefe ya ce, "Ɗiyata, ubanta ne fa take wa magana." Ta wuce gaba abinta. Minti goma, sai ga jami'an tsaro biyu, suka ce mu sauka.

Muna sauka matakala Baba ya ce, "Hauwa, har mun iso?"

Na kama hannunsa muka ƙarasa sauka.

Hanyar mota

Ƙarfe biyu muka samu mota a tasha. Jega, Koko, Yawuri, ramuka ba iyaka. Direban ya ce ba ya wuce Kwantagora in rana ta faɗi, ya kai mu gidan yayarsa, ta ba mu tuwon dawa da tabarma. Laraba ƙarfe ɗaya muka shiga asibiti. Likitan ya gama aikin ranar. An sake ba mu rana bayan wata huɗu.

Juma'a: gida

Bayan la'asar muka iso Illo. Na rubuta wa kamfanin jirgin ƙorafi sau biyu, har yau shiru. Kuɗin tikitin bai ƙona mini rai ba kamar yadda jirgi cike da mutane ya zuba ido aka fitar da tsoho, mutum ɗaya tak ya buɗe baki.

Maƙwabta suka cika zaure suna tambayar yadda jirgi yake. Baba ya ce, "Kujera dai da laushi. Sauran ku tambayi waɗanda anka bari ciki."

Allah Ya saka wa dattijon nan, da direban, da yayarsa. Mun gode Allah da Ya dawo da mu lafiya.