Dawar da Sarkin Noma Ya Ba Baƙo

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Madam Saratu ta faɗo buro ɗinmu, wato ofishinmu na Madawa, ba. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Mushe Illa, kai ne mai duba cutar hatsi? To aje alƙalamin nan, ina da magana." Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci. Ita ma'aikaciyar jinya ce a asibitin mishan, Kirista, mace mai kaifin baki da taushin zuciya. Ni kuwa a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a sarwis na kare amfanin gona, ina zagaya ƙauyukan Madawa da Buza, wani lokaci har Keita.

Ku da kuke aikin yanzu, na ji har kiwon funfuna kuke yi a labo, ɗakin gwaje-gwaje, kuna sa ta tana haɗa muku ƙwayoyin azurfa da ido ba ya gani. Madalla, Allah Ya ƙara basira. Mu a tsakiyar shekarun 1990 abin da muka mallaka shi ne moto, wato babur, guda mai tari kamar tsohon mashayin taba, da ledojin zuba samfur, da ƴan farantan gilashi. Funfuna kuwa, ko hunhuna a bakin mutanen Adar, abokiyar gaba muka san ta. Akwai wani irinta mai launin kore-kore da ke zuba dafi cikin abinci, ana kiran dafin aflatoksin, kuma hanta yake ci. Ta fi son gujiya da masara, amma dawar da aka ɗaure da danshi ma ba ta ƙyale ta.

Maganar Madam Saratu ita ce: akwai wata yarinya mai suna Ta-Allah, ba ta isa shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba, an kawo ta daga wani ƙauye na wajen Babankatami. Idanunta sun yi ɗorawa, tana amai, ƙafafu sun kumbura. An yi jinya ta warware, an mai da ta gida, ga ta an sake dawowa da ita ta fi da muni. Sauran yaran gidan ma ba su da cikakkiyar lafiya. Likita ya duba abin da zai iya dubawa, zarginsa ya tsaya kan abinci. Ta ce, "In ta koma ta ci abin da take ci, ba na jin za a kawo mana ita karo na uku."

Na nemi izinin shef ɗina, shugaban buronmu, na hau moto sai ƙauyen. Kakan yarinyar shi ne Sarkin Noma Arzika, a gidansa suke zaune. Ga wanda bai sani ba, wannan sarauta ba a ba da ita don kyan fuska. Gidansu tun zamanin kakanni, kafin su musulunta, su ne manoman garin, kuma shi da kansa ya noma abin da ya kai a naɗa shi. Ruhewarsa, wato babban rumbun laka irin na Adar, tun daga nesa ita kake fara hangowa kafin ka ga gida.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a ɗebi samfur daga sama, da tsakiya, da ƙasan rumbu, ma'aikaci da hannunsa. Amma fa wanda ya rubuta ƙa'idar bai taɓa tsayawa gindin ruhewar Ba'adare ba. A can ba mai leƙa rumbun maigida. Matarsa ba ta leƙawa, ɗansa ba ya leƙawa, balle baƙo mai wando da moto. Cikin rumbu asirin gida ne. Maigida kaɗai ke hawa tsani da safe, ya fiddo abin da za a ci ya miƙa wa mata.

Bayan mun gaisa an kawo fura, na ce, "Baba, ina so ku ba ni izini in hau in ɗebi kaɗan."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, zamna ka sha hura. Baƙo ba shi hawan tsani gidana. Mi kaka so? Dawa? Bari in kawo maka."

Ya hau da kansa, ya sauko da zangarniyoyi. Kai, jama'a! Ban taɓa ganin dawa mai kyau irin wannan ba, ƙwaya cike, tana sheƙi, ko ƙura babu. Na sa a leda, na gaya wa shef yadda aka yi aka same ta, muka aika Yamai, don a nan ne kawai ake iya auna dafin. Sakamako ya daɗe kafin ya zo, da ya zo kuma ya ce dawa lafiya lau.

Shef ya ce, "To ka gani, ba aikinmu ba ne, na likitoci ne." Madam Saratu kuwa da ta ji sai ta ce, "Dawar da aka auna ke da lafiya, Mushe. Yarinyar fa?" A lokacin Ta-Allah ta fara samun sauƙi, uwarta kuma ta matsa a sallame su, don ta bar ƙananan yara a gida. Na roƙi Madam ta riƙe su ɗan lokaci. Ta ce za ta san dabarar da za ta yi, amma in yi sauri.

Da na koma ban nufi zaure ba. Na isa da hantsi, lokacin da mata ke sussuka a bayan gida, na tsaya gaishe da uwargida, Inna Hajo. Tun kafin in ƙarasa wajen turmi hancina ya ba ni labari. Wani wari ne mai kama da na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Na leƙa ƙwarya, ga dawa ta yi duhu, wasu ƙwayoyin sun dunƙule, in ka murza sai gari kore ya maƙale maka a yatsa.

Na ce, "Inna, wannan kuke ci?"

Ta ce, "Ita muka samu daga hannun maigida. Wadda ruwan ƙarshe ya taras a gona ce. Ai mai lalacewa aka fara ci, mai kyau ta iya jira."

Nan na fahimci komai. A shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa, ya sauko bayan an yanke dawa, ya jiƙa wasu dammuna. Manomin kirki ba ya zubar da hatsi, kuma ba ya sayar wa mutane abin da ya san ya taɓu. Sai ya ware shi gefe guda cikin rumbu, iyalinsa su fara cinye shi. Baƙo kuma, balle na gwamnati, ba a miƙa masa sai mafi kyau. Ba ƙarya ya yi mini ba, karamci ya yi mini. Na tambayi Inna ko zan iya ɗiba, ta ce abin da ya shiga turmi na mata ne, in ɗebi son raina.

Rabin abin da na ɗiba na aika Yamai. Amma jiran Yamai ba na mai majinyaci ba ne. Sai na shimfiɗa takarda mai danshi cikin farantan gilashi biyu, na jera ragowar ƙwayoyin da Baba ya ba ni a ɗaya, na turmi a ɗaya, na rufe. Bayan ƴan kwanaki na farko ƴan tsiro kawai ya yi, na biyun kuwa ya rufe da funfuna kore shar. Ku lura, ganin funfuna bai tabbatar da dafi ba, awo ne kaɗai ke tabbatarwa. Amma da yarinya a kwance, wannan ya ishe ni hujja.

Na koma ƙauyen, na ja Baba Arzika gefe, ƙarƙashin wata bishiyar bedi inda ba kowa, na aje farantan a gabansa, na yi masa bayani. Ya duba ya ce, "Hunhuna ce, mun san ta. Ana surhe, a wanke, a dahwa. Mi ya rage bayan wuta?"

Na ce, "Baba, wuta tana kashe funfunar, ba ta kashe dafin da ta riga ta zuba. Babba yana iya ɗauka ya daɗe bai sani ba. Hantar yaro ba ta iyawa."

Ya ce, "Kakannina sun ci irin wagga, ba su mutu ba."

A nan raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce, "Ku gafarce ni, Baba, ni ban zo don kakanni ba. Don Ta-Allah na zo. A asibiti ta warke, a gidanku ta kwanta. Ku gaya mini abin da ya bambanta wuraren nan biyu in ba tuwo ba."

Sai na ji kunyar ɗaga muryata. Can ya ce, "In anka ba bisashe?" Na ce ko dabbobi aka ba, dafin yana bi ta nono ya dawo wa yara. Ya ce, "To a bizne ta da sirri." Na ce ana iya binne ta, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Sai dai na tuna masa ruwan nan ba gonarsa kaɗai ya jiƙa ba, kuma duk garin shi suke kallo. Yadda ya yi da dawarsa haka za su yi da tasu.

Ku gane abin da nake nema a wurinsa. Mutumin da ake yi wa kirari da cikar rumbu, a ce ya fito gaban jama'a ya nuna hatsinsa ya ruɓe, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa. A Adar wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya aika a kira maƙwabta da liman. Da suka taru ya jingina tsani da ruhewa, ya juyo ya ce mini, "Hau, ɗana. Shiga ka hiddo duk wadda ba ka yarda da ita ba." Inna Hajo ta rufe baki da gyale, don ita kanta tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin cikin rumbun nan ba.

Na shiga, ina miƙo dammuna yana karɓa da hannunsa yana tarawa a fili. Da muka gama shi ya kunna wutar. Yana tsaye yana kallon hayaƙin ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Tun ina saurayi nika noma don kar a kwana da yunwa gidana. Ashe da hannuna nika auna ma jikata ciwo kowace sahiya." Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Kafin sati ya zagayo, magidanta da dama sun aiko in zo in shiga nasu rumbunan. Sakamakon Yamai ya iso daga baya, ya tabbatar da dafi a dawar turmi. Madam Saratu ta sallami Ta-Allah, ta koma gida ta ci tuwon dawar da aka ajiye don baƙi da iri, kuma ba a sake kai ta asibiti da wannan ciwo ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa ɓoye mana abu don mugunta. Kunya ce da karamci ke sa su nuna mana mafi kyawun abin da suke da shi, su ci mafi muni a ɓoye. Labo kuma abin da ka kai masa kawai yake aunawa. Don haka in an tura ku ƙauye, ku karɓi abin da maigida ya miƙo da hannu biyu, ku yi godiya, sannan ku zagaya bayan gida ku gai da masu daka, ku ga abin da yaran gidan za su ci a ranar.