Sojojin Dalma da Jinin Hafsatu

Assalamu alaikum. Tun bayan Sallar Layya ban sake sa hoton ko soja ɗaya a shafin nan ba. Masu aiko saƙo suna tambayar ko lafiya, ku yi haƙuri, ba lafiya ba ce. Da hannun hagu nake danna wannan rubutu, wanda dama da furfurata na koye shi a makarantar yamma.

Ga wanda bai san ni ba, maƙerin zobe da awarwaro ne ni a Ƙofar Marke, nan Sakkwato. Ɗana Bashiru ne ya shigo da wasan yaƙi na kan tebur gidanmu. Shi da abokansa su jera sojoji masu tsawon ɗan yatsa, su jefa ƙwayar lido, su auna tafiyar runduna da tef ɗin tela. Sojojin na roba ne, daga waje ake sayo su da tsada. Na ce ni zan ƙera musu.

Sai na riƙa sayen matattun batiran mota ina fasawa, in narka dalmar a zaure, in zuba ta a mazubi. In yanke kan soja in sa masa mai rawani, in cire bindiga in liƙa mashi, in goge da magagari. Ganuwa da yumɓu, giginya da waya. Kun sha ganin hotunan.

Duk mai fentin irin waɗannan ya sani, in za ka ɗiga ido ko gashin baki, sai buroshi ya yi tsini. Da leɓena nake tsuke nawa. Daga jikin dalma zuwa baki, kullum.

Da ciwon ciki abin ya fara. Bayan gida ya ɗauke. Bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Na sha maganin basir, na sha na taifot, na sha na gyambon ciki. Na zama mai faɗa, har Hajiya matata ta ce, "Malam, wanga ba halinka ba na."

Wata safiya na ɗauki buroshi, hannun dama ya saki daga wuyansa, ya rataya kamar tsumma.

A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa. Bashiru ya ba da nasa. Ana ta gwaji ba a ga komai ba, sai wata likita ta ɗaga leɓena, ta ga wani baƙin layi a dasashi.

Ta ce, "Baba, kana zuwa wajen haƙar zinare?"

Na ce, "Ɗiyata, ni da ko Wamakko na daɗe ban leƙa ba?"

Bashiru ya nuna mata hoton sojojin a waya. Ta tambayi abin da nake yin su da shi. Da na faɗa, ta ajiye biro.

"Gubar dalma ce. Akwai yara a gidan?"

Akwai Hafsatu, 'yar Bashiru, ba ta kai shekara huɗu ba. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsohon ango. Ƙarƙashin teburin aikina ne wurin wasanta, inda garin dalma ke zuba. Akwai wani doki da na ƙera, ta ce nata ne. Na sha ganin kansa a bakinta ina dariya.

Likita ba ta ɓoye mana ba. Ta ce a jikin yaro ƙwaƙwalwa gubar ke taɓawa, kuma abin da ta ɓata bai cika dawowa ba.

Aka ɗebi jinin Hafsatu tana ihu tana kiran sunana. Wani gari aka aika da shi, aka ce mu jira.

Maganina babu shi a Sakkwato, sai da aka yi odarsa. Bashiru ya sayar da babur ɗinsa. Allurar da zafi, ga amai, ga gwajin ƙoda a kai a kai. Mutumin gadon kusa da ni ya rasu da hantsi, aka ja labule. Wallahi ban ji tsoron bin sa ba. Tsorona in rayu in ga yarinyar nan ta kasa gane harafi saboda abin wasana.

Rabi, uwarta, kullum ita ke kawo mini kunu. Ta gaishe ni da ladabi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sakamako ya zo. Akwai dalma a jininta, ta wuce yadda ake so, amma ba ta kai ga kwanciya ba. Aka mayar da ita unguwar Minanata gidan kakanninta na wajen uwa. Aka kwashe ƙasar zauren, aka yi sabon daɓe. Sojojin duka aka kulle su a akwatin ƙarfe. Aka ce a sake gwaji bayan wasu watanni.

Shi ne ya fito a makon nan. Dalmar ta sauka, jama'a! Likita ta ce ba ta ga alamar gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarta ba, amma za a ci gaba da dubawa. Rabi da kanta ta kira ni tana kuka: "Baba, mun tsira, mun tsira!" Na yi sujada a tsakar gida, tsoho da ni ina hawaye.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan, da Hajiya, da Bashiru, da Rabi mai haƙuri, da ku masu addu'a.

Masu wannan sana'a, ku ji. Kada ku narka batir a gida. Kada buroshi ya taɓa bakinku, ku tsuke shi a jiƙaƙƙen tsumma. Ku wanke hannu kafin cin abinci. In ciwon ciki ya ƙi ji, ku gaya wa likita sana'arku tun bai tambaya ba. In akwai yaro kusa da dalma, a gwada jininsa ko da yana gudu yana dariya. Hafsatu ma dariya take yi.

Jiya aka kawo ta. Ko gaisuwa babu, ta ce, "Tsoho, ina dokina?"

Na miƙa mata na katako, wanda na sassaƙa da hannun hagu, ba fenti.

Ta juya shi, ta ce, "Wanga ai jaki na."

Na ce, "Amarya, jakin ma na gode Allah."