Motar da Ta Kama Ƙasa

Ranar wata kasuwar Tasawa ce, bayan an gama yankan gero, a shekarar da na maimaita aji uku na lakwal. Baba ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Baudeta don in tsare masa jaki, shi kuma ya shiga sayar da wake. Ina tsaye bakin kwalta ina korar ƙuda, sai ga wani abu ja wur ya taho yana gurnani kamar raƙumin da aka tasa daga barci, ya tsaya gaban mai sayar da mai a kwalba. Mota ce, amma ƙofa biyu gare ta, kuma cikinta saura kaɗan ya shafi ƙasa, ko ɗan tsako ba ya shiga ƙarƙashinta ya sha inuwa. Tayoyinta masu faɗi ne, ƙarfen tsakiyarsu na walƙiya, robar kuwa siririya kamar an zizara mata kwalli.

Nan da nan mutane suka kewaye ta, kuma abin da ya kama su tausayi ne. A wajenmu mota ba ta durƙusawa haka sai in an danna mata buhunan hatsi da awaki da mutane har bisa rufi. Wata tsohuwa mai daddawa ta dafa ƙirji ta ce wa mai motar, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah ka sauke mata kaya mana." Aka leƙa ciki, babu komai sai hularsa. Wani direban motar ƙauye ya ce ai rasor ɗinta ne ya karye, wato ƙarfen da ke ɗage jikin mota daga ƙafafunta, kuma ya san maƙerin da zai ɗaga ta kafin la'asar. Mai motar, wani saurayi mai baƙin tabarau, ransa ya ɓaci. Ya ce shi ya sa aka rage rasor ɗin da gangan, shi ya zaɓi waɗannan tayoyi. "Motar gudu sai ta kama ƙasa," in ji shi. "In ta kama ƙasa, iska ba ta ganinta." Jama'a suka dubi juna. Tsohuwar ta ce Allah ya ba shi lafiya, shi da motar duka. Kasuwa guda, mutum ɗaya ne ya gaskata shi, ni ne. Haka rabona yake tun asali. Kafin in rufe baki jakin Baba ya shiga rumfar mai rogo, na sha mari biyu masu kyau, amma maganar ta riga ta zauna mini a kai.

Lokacin kuwa ni ma ina da mota. Duk yaron ƙauyenmu da ya isa a kira shi yaro yana da motar kara. Da an sare dawa muke bin gonaki muna zaɓen kara mai kauri, mu ɓare bayansa, mu yanka totuwar, mu haɗa da ƙayar aduwa a madadin ƙusa. Taya kuwa sakaina ce. In ƙwarya ta fashe a gida uwa na salati, mu muna murna a ɓoye, mu ɗauki ɓallin mu yi ta goga shi a dutse har ya zama da'ira. Tawa motar sunanta Gimbiya. Na yi mata fitila da takardar alewa, na yi mata kujeru, har madubi na manna mata daga fasasshen madubin yayata Hadiza. Tsakanin ɗebo ruwa da kai awaki kiwo da yo wa jaki ciyawa, duk ɗan lokacin da na samu nata ne. Karatu ma da na ba shi rabin abin da na ba Gimbiya, da yanzu ina cikin biro, ofishina na kaina, ina shan iska.

Muna da tsere duk shekara idan kara ya bushe. Daga ƙofar lakwal ake tashi, a bi ta burtalin shanu, a ƙare bakin rijiya, kowa yana tura tasa da dogon karan tuƙi. Doka ɗaya ce, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa: motar da ta zo ƙarshe sai murhun Iya Tabawa mai ƙosai. Mai ita da hannunsa zai sa ta wuta, Iya ta ba shi ƙosai ɗaya, shi muke kira ƙosan ta'aziyya. Babban abokin gabata Ilu ne, ɗan gidan maƙera. Motarsa mummuna ce ta gaske, ya yi mata tayoyi manya kamar faifai, ta yi tsololo kamar zalɓe a bakin tabki. Ko suna bai sa mata ba.

Da muka dawo daga Tasawa na shiga bayan rumbu da Gimbiya na yi mata aiki. Da can tafin hannuna kan shiga ƙarƙashinta a tsaye. Na cire karan da ke tsakanin jikinta da sandar taya, na sauke ta, na sake sauke ta, har sai da tsinken tsintsiya kaɗai ke wucewa. Sakaina ta yi mata girma, tana gugar jikinta, na zubar. Na gwada ƙwallon goruba, ya yi nauyi. Na gwada yankan tsohon silifa, ya yi laushi. Daga ƙarshe na bi shagon garin na tsinci murafen kwalbar lemo, na haɗa su biyu-biyu baki da baki don su yi faɗi, na naɗe su da siririyar robar cikin tayar keke. Wallahi da na ajiye ta na ja da baya, sai da ƙwalla ta zo mini. Kakata ta zo wucewa da akushi, ta tsaya ta dube ta ta ce, "Wannan kuma me ya same ta, naƙuda take?" Ban kula ta ba. Me tsohuwa ta sani game da iska?

Na gwada ta a dandamalin siminti na gaban ajinmu, wanda shi kaɗai ne wuri mai santsi a garin duka. Ta tafi kamar an harba kibiya. Yara suka bi ta a guje, Ilu ma ya tsuguna yana leƙen tayoyinta. Har mushe, malaminmu, ya leƙo ta taga ya ce da Faransanci abin ya yi kyau, kuma iyakar yabon da na taɓa samu daga bakinsa ke nan. Sai na hau bayani, ina ɗaga hanci: motar gudu sai ta kama ƙasa.

Ranar tsere aka jera, wani ya buga gwangwani, aka zabura. Gimbiya ta yi taku kamar uku a kan ƙasa mai tauri, ina gaba, har na fara waiwayen Ilu. Muna shiga yashin burtali ta kafa hanci. Na tura, ta tara yashi a gabanta kamar mai yin kunya a gona. Na ƙara ƙarfi, murafen suka nutse, karan tuƙi ya lanƙwashe ya soke ni a ciki. Motar Ilu ta wuce ni tana tangaɗi, tana tsallake kashin shanu kamar ba ta gan shi ba. Kowa ya wuce ni, har ƙanen Ilu da motarsa ke da taya uku. Na ciro ta na sake ajiyewa, ta sami kashin saniya ɗanye ta shige ciki ta zauna. Daga bakin rijiya na ji muryar Ilu: "Ku bar ta, ta kama ƙasa! Iska ba ta ganinta!" Mata masu jan ruwa suka saki guga don dariya.

Da hannuna na sa Gimbiya a murhu. Madubin ne ya fara baƙi, sannan kujerun. Iya Tabawa ta ce ba ta taɓa samun makamashi mai kyan wannan ba, ta ba ni ƙosai biyu a maimakon ɗaya. Na ci ina kuka, kuma don haushi, ƙosan ya yi daɗi. Tun daga ranar sunana ya ɓace, na koma Kama-ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki wani Bafillace da ke kawo mana nono gida ya ba Baba labari. Wai wata jar mota ta nufi wajen Mayahi, ta kafe a yashi, bijimansa biyu suka jawo ta har bakin hanya, mai ita na biye da takalma a hannu. Baba ya dube ni ya ce, "To, ga ɗan'uwanka can." Ni dai na ji sanyi a raina, ashe ba ni kaɗai ba ne.

Yau ina facin taya a bakin kwaltar Tasawa, kusa da inda na fara ganin motar nan. Yaran yanzu ba su san totuwa ba, motar roba ake sayo musu, ta karye da yamma su yi kuka a sayo wata. Wani lokaci samari kan tsaya da motocinsu da aka sauke ƙasa, da siraran tayoyin da rami ɗaya ke fasawa, in ce su duba hanyar da za su bi kafin su duba kyan ƙafa, su ce tsoho ya cika surutu. Ilu kuwa babbar mota yake ja zuwa arewa, mai tayoyin da suka kai ni kafaɗa. In ya zo wucewa sai ya danna oda ya leƙo daga can sama ya ce, "Kama-ƙasa, ana nan?"

Ina nan mana. Ina zan je? Amma har gobe, a duk motocin da suka tashi daga ƙofar lakwal ranar nan, babu wadda ta kai Gimbiya kyau.